Kujerar Gaba

Motar ba ta da kujerar gaba. Marigayi ne ya sa bakanike ya kwance ta shekarar da ɓarin jikin matarsa ya shanye. Aka kafa maɗaurai huɗu a gurbinta, aka yi katako mai naɗewa a bakin ƙofa. A kan katakon ake turo keken matar, wato Sista, a ɗaure ƙafafunsa, ta zauna gefen direba kamar kowace mace a motar mijinta. Talata da Juma'a ake kai ta asibiti gashi da motsa gaɓoɓi, asibitin da ta yi shekara ashirin tana aikin jinya a cikinsa. Da mijin ya rasu, aikin ya faɗo kan ƙaninsa Auta, malamin makaranta, wanda ƙofar ɗakinsa ke kallon tata a tsakar gida ɗaya.

Wata biyu yana kai ta. Wata Talata jami'in hanya ya tsayar da su, ya juya takardun, ya leƙo ta taga.

"Takardun nan sun mutu. Ina mai motar?"

Sista ta riga Auta amsawa, da bakinta da ya karkace gefe guda.

"Ya riga su tafiya, ranka ya daɗe."

Jami'in ya yi mata gaisuwa, ya ce su wuce, amma kada ya sake ganin motar a titi da sunan mamaci.

Da yamma Auta ya faɗa wa Yaya, babban wansu, mai shagon kayan gini. Yaya ya miƙa hannu. Auta ya ɗora masa makulli tun kafin ya tambayi kansa dalili.

"Ba za ta sake fita ba sai takarda ta gyaru," in ji Yaya. "Kai ne mai boko, gobe ka je ofishin. A mayar da ita sunana. Suna ne kawai, motar ta Sista ce har abada."

Ofishin rajistar motoci yana hawa na uku, kuma na'urar hawa ta daɗe da lalacewa. Auta ya yi awa biyu a benci kafin ya isa taga ta huɗu. Matar da ke wurin mai tabarau ce, ba ta ɗaga kai sai da dalili. Ta lissafa masa abin da ake buƙata: shaidar rasuwa, takardar kotu, yardar matar marigayi a rubuce, sannan a kawo mota a duba ta.

"Kujera biyar ke rubuce a nan," ta ce. "Biyar za mu ƙirga."

"Huɗu ce. An cire ta gaba saboda keken mara lafiya."

Sai ta ɗago kai. Ta ja aljihun tebur, ta fito da wani koren fom.

"To kada ku taɓa komai. Ka cika wannan, ka haɗo da wasiƙar likita. Za a rubuta motar yadda take, da sunan ita mara lafiyar. Ba sai ta hau bene ba. Ka kawo ta ranar Alhamis, ni zan sauko wurin ajiye motoci in ɗauki hotonta."

Auta ya yi godiya har sau uku. Ya ninke fom ɗin ya sa a littafin darasinsa, ya sauko benen da ƙarfinsa.

Yaya ya saurare shi a shago yana auna wa wani ƙusa. Sai da mutumin ya fita ya yi magana.

"Mace tana kwance, a sa mota da sunanta? Gobe danginta su zo su ja ta, mu da muke ɗawainiya mu koma kallo? Kai yaro ne, Auta."

"Yaya, matar ofis ta ce..."

"Matar ofis ce za ta saya mata taya? A mayar da kujera, a duba, a cire. Kwana biyu ne. Kuma kada ka kai wa Sista zancen nan. Hawan jini ne ya kwantar da ita, kada ka ƙarasa ta da lissafin takardu."

Ya jawo makulli daga aljihu ya ajiye a kan kantar shagon.

"Kafin a gama, da safe ka riƙa sauke yaranka a makaranta da takardar wucin gadi. Na ga yadda kuke shan rana."

Auta ya kalli makullin. Ya ɗauka.

Tsohuwar kujerar tana cikin sito, ƙarƙashin buhunan da babu komai a ciki. Bakanike ya kaɗe ta, ya tsuguna da sifana, ya kwance maɗauran nan huɗu ya jera su a ƙasa.

"Ni na cire ta, yau ni nake mayar da ita," ya ce. "Allah ya jiƙan maza. Ya tsaya a kaina yini guda yana gwada tsayin katakon nan, wai kada ta ji girgiza."

"Na kwana biyu ne," in ji Auta.

Bakanike ya koma kan aikinsa. Ya ɗaure noti na ƙarshe har sai da ya yi ƙara.

Sista tana bakin ƙofarta a keke lokacin da aka jingina katakon bayan kicin.

"Ƙaramin miji, an kore ni daga gaba ke nan? Wa ka samo?"

"Wa zan samo bayan ke, Sista? Dubawa ce kawai."

"To a yi sauri. Ƙafar nan ba ta san hutu ba. Da ta ga an ƙyale ta, sai ta yi zuciya."

An duba mota, an ƙirga kujera biyar. Sai takardar kotu ta tsaya. Talatar farko Auta ya tambayi Yaya ko a cire kujerar kafin nan.

"In suka ce a dawo da mota fa? Ka san halin ofis. Haƙuri, mako ɗaya ba ya kashe mutum."

Ranar Juma'a bakanike ya yi tafiya. Talata mai zuwa akwai fenti da za a kai wa wani mai gini, kuma motar shago tana gareji. Juma'ar da ta biyo baya matar Yaya tana da gaisuwar mara lafiya a wata unguwa. Auta ya ga fitarsu. Tana kujerar gaba, ta sauke gilashi tana gyara mayafi.

Sau ɗaya ya kira tasi. Shi da direban suka cicciɓi Sista zuwa kujerar baya, kafaɗarta mai ciwo ta bugi bakin ƙofa. Ba ta yi kuka ba, gumi ne ya karyo mata. Keken kuma ya ƙi shiga but ɗin tasin, domin ba mai naɗewa ba ne. Suka sake fito da ita. Direban ya ce don Allah a nemi wani, shi bayansa ba shi da ƙwari.

Daga nan Sista ta koya wa matar Auta yadda ake miƙar da yatsu da lanƙwasa gwiwa. Matar ta yi iya yinta tsakanin girki da goyo da keken ɗinkinta. Amma hannun gida ba ya kai na asibiti, kuma idan Sista ta cije leɓe sai ta ji tsoro ta sassauta.

"Yau mako uku," Sista ta gaya wa Auta wata safiya, yana sauri da jaka a kafaɗa. Muryar aiki ta yi amfani da ita, kamar tana miƙa rahoto ga likita. "A na shida yatsu za su naɗe. A wata na uku gwiwa za ta ƙi miƙewa. Na faɗa wa mutane da yawa haka. Ban taɓa zaton zan faɗa wa kaina ba."

"Takardar kotu ce, Sista. Kullum ina can."

"Na sani. Ka wuce, kada ka makara."

Ya wuce. Yara suna rigimar wanda zai zauna a gaba. Ya daka musu tsawar da ta fi laifinsu.

Bayan wannan ya canza hanya. Ya koma fita ta ƙofar baya. In ya dawo sai ya kashe inji tun daga kan layi, ya bar motar ta gangara har bakin gida. Gaisuwar safe ya mayar da ita daga nesa, da hannu a sama, kamar mai gaida wanda ke cikin jirgi. Koren fom yana nan cikin littafin darasi, tsakanin babi na huɗu da na biyar. Kowace Litinin in ya buɗe a aji sai ya gan shi, ya juya shafi.

"Ka shiga ka ganta mana," matarsa ta ce. "Jiya da ƙyar na sa mata hannun riga. Yatsun sun dunƙule kamar ta riƙe wani abu."

"Zan shiga."

"Tun yaushe kake cewa zan shiga? Ƙofa taku biyar ce."

"Ke, ki bar ni. Ni na riƙe takardar kotu?"

"Ban ce kai ba ne. Me ya sa kake ɗaga murya?"

Takardar kotu ta fito a mako na tara. Saura yardar Sista. Yaya ya kai mata fom da kansa, ya rufe saman da tafin hannu kamar yana hana iska ɗauka, ta sa hannu da hagu. Ofis ya dawo da shi. Sa hannun bai yi kama da na katin shaidarta ba. Wanda ba ya iya rubutu, sai ya dangwala babban yatsan dama.

"Kai take ji," in ji Yaya, ya miƙa wa Auta sabon fom da akwatin tawada. "Ni in na shiga sai ta yi ta kallona kamar na ci mata amana. Bayan duk abin da nake yi."

Bayan la'asar Auta ya shiga. Ya daɗe rabonsa da ɗakin. An matsar da gadon kusa da taga, keken yana lungu an ɗora masa wanki. Sista ta rame, amma idanunta suna nan yadda ya san su.

"A'a! Yau baƙo muka yi. A kawo masa ruwa, daga nesa yake."

"Sista, aiki ne ya yi yawa."

"Aikin ƙofar baya?"

Ya zauna bakin gado, ya ɗora fom a kan littafi. Ya kira matarsa ta riƙe masa wuyan hannun. Ta leƙo, ta kalli takardar, ta kalle shi.

"Tukunyata tana kan wuta," ta ce, ta juya.

"Na sabunta takardu ne," ya ce wa Sista. "Dangwale ɗaya, an gama. Sai a cire kujera."

Ta daɗe tana kallon fom ɗin. Bai rufe komai ba. Hannunsa ya ƙi yin abin da na Yaya ya yi.

"Auta."

"Na'am, Sista."

"Ka tambaye su? Babu wata hanya?"

Littafin da ya ɗora fom ɗin a kai, littafin darasi ne.

"Babu," ya ce.

Ta gyaɗa kai, ta nuna masa hannun da haɓa.

Babban yatsan ya shige cikin tafi, sauran huɗun sun rufe shi. Ya ja a hankali, bai motsa ba. Ya ƙara ƙarfi. Ya ɓamɓare ɗan manuni, ya bi da na tsakiya, yana sakin ɗaya ɗayan yana komawa. Tafin ya jiƙe, akwai shaidar farce a cikinsa. Da ya kamo babban yatsan ya janyo shi waje, wani sauti ya fito daga maƙogwaronta, gajere, irin wanda mutum ke yi in an taka shi a cikin jama'a. Ya danna a tawada, ya danna a takarda. Yatsan ya zame, dangwalen ya goge.

"Bai fita ba," ta ce. "Za su dawo da shi. Sake."

Ya sake.

"Yanzu ka wanke min. Kada ya ɓata zanin gado."

Ya ɗauko ruwa da sabulu da tsumma. Ya durƙusa yana goge tawadar daga yatsan da ya riga ya fara komawa mazauninsa. Da ya gama, ya ɗauki fom ɗin ya fita.

Matar taga ta huɗu ta gane shi.

"Kai ne mai mara lafiya. Na yi ta duba ku ranar Alhamis. Ina koren fom?"

"Ta ce ba ta so. Ta fi son a sa sunan wan mijinta."

Matar ta cire tabarau ta dube shi. Akwai mutum goma a bayansa, wani yana tsaki.

"Ita ta dangwala da kanta?"

"Da kanta."

Ta mayar da tabarau, ta buga hatimi. Aikinta takarda ne, kuma takarda ta cika.

A ranar ya kai wa Yaya takardar mallaka a shago. Yaya ya karanta sunansa sau biyu, ya sa ta a leda, ya kulle a durowa.

"Yaya, gobe Talata. In kira bakanike?"

"Ya yi me?"

"Kujerar."

Yaya ya sake buɗe durowar, ya zaro takardar, ya ɗora yatsa a kan layi.

"Karanta, kai ne malami. Kujera biyar. Yanzu in na cire ɗaya, wa za a kama? Sunan wa ke nan? So kake in karya doka da girmana?"

"Ka ce kwana biyu."

"Na ce, kafin in san dokar. Ai ba a hana ta mota ba. Duk ranar da take so a ɗauke ta a sa a baya. Kuma kai ma ka sani, gashin nan ba warkarwa yake yi ba. Shekara nawa ana yi? Sai dai addu'a."

Wani ya shigo neman siminti. Yaya ya tashi da fara'a.

Sai da aka yi wata huɗu cif kafin Sista ta sake ganin asibiti. Auta ya roƙi shugaban makarantarsu aron bas ranar da babu karatu. Maza huɗu suka ɗaga ta da kekenta. Ƙafar dama ta ƙi zama a matakin keken, sai da aka tallafe ta da matashi.

Mai gashin ta san Sista tun suna aiki tare. Ta taɓa gwiwar, ta gwada yatsun, ta daina murmushi.

"Ina kuka kai ta wata huɗu?"

Auta ya buɗe baki. Sista ta riga shi.

"Takardun mota ne suka riƙe mu. Ƙanin mijina ne wannan. Ya sha hawa bene saboda ni, Allah ya saka masa."

"Amin," in ji mai gashin, ta dubi Auta da girmamawa. "Ba kowa ke samun irinka ba, Malam."

Sannan ta faɗi abin da ta gani. Hannun ya tafi. Gwiwar ma ba za ta sake miƙewa ba. Tsayuwar da Sista ta fara yi da sanda kafin rasuwar mijinta, a manta da ita. Abin da ya rage shi ne a hana abin ƙaruwa, in za a iya kawo ta sau biyu a mako.

"In sha Allah," in ji Auta. Ya san bas ɗin na yau ne kawai.

Ya turo ta cikin dogon barandar asibitin. Wajen wata ƙofa mai shuɗin fenti ta ɗaga hannun hagu, ya tsaya.

"Nan ne ofishina na ƙarshe," ta ce. "A nan ake rubuta wa masu keke wasiƙar likita, wadda ake haɗawa da koren fom na ofishin motoci. Ni nake kai wa likita ya sa hannu. Na yi sama da ɗari."

Auta ya riƙe hannun keken da kyau.

"Sista... me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na tambaye ka. Ka ce babu."

"Da kin matsa. Da kin yi min faɗa."

"Da wa zan yi faɗa, Auta? Matarka ke yi min wanka. Yaya ke da rufin da nake kwana a ƙarƙashinsa. In na faɗo daga gado, kai ake kira. Wanda ake ɗagawa ba ya rigima da mai ɗaga shi."

Babu wanda ya doke ta a gidan nan, babu wanda ya zage ta ko ya hana ta abinci. Kowa yana gaishe ta da safe. An bi doka layi bayan layi, an buga hatimi a inda ya kamata, kuma duk wanda aka tambaya zai ce iyalin sun riƙe amanar ɗan'uwansu. Auta kaɗai ya san nauyin yatsan nan a hannunsa, da ƙarfin da ya sa kafin ya buɗu.

Wani ma'aikaci ya taho da gadon mara lafiya, yana neman hanya.

"Tura ni," in ji Sista. "Mun tare wa mutane hanya."

Ya tura.